Tamanraset: Yadda ƙaramin kwamiti ke ɗaukar nauyin da babban taro ya kasa

A Tamanraset labarin rasuwar baƙo yakan iso ne ta waya, galibi cikin dare. Wani lebura ya faɗo daga bene a shantiye, ko zazzaɓi ya kwantar da wata baiwar Allah a ɗakin haya a Gata'al Wad har rai ya yi halinsa. Kafin gari ya waye tambayoyi sun taru. Wa zai je asibiti ya shaida gawa? Wa zai nemo takardar izinin binnewa a baladiyya? Wa ya san sunan mahaifin mamacin da sunan ƙauyensu? Kuɗin likkafani da na mota kuma, daga aljihun wa za su fito?

Ba wai babu ƙungiya ba. Duk inda Hausawa suka zauna a ƙetare sai ka tarar da shugaba da ma'aji da ranar taro, yanzu ma har da zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane. Amma idan abu ya faru, saƙon ta'aziyya ɗari zai shigo zauren kafin mutum ɗaya ya sa takalmi ya nufi asibiti. Waɗanda suka je a watan jiya su ne za su sake zuwa, su bar aikinsu na yini, su ranto kuɗi da sunansu, har ranar da suka gaji ko suka koma gida. Daga nan sai a fara cewa ƙungiya ta mutu.

Abin da ya rage a irin wannan ƙungiya shi ne kwamitin aiki: mutane kaɗan daga cikin ƴaƴanta, waɗanda babban taro ya ɗora wa aiki ɗaya tak, ya yanka musu wa'adi, ya kuma sa musu ranar dawowa su yi bayani. A ko'ina ma irin wannan tsari yana da amfani. A Tamanraset kuwa akwai ƙarin sharaɗi guda: dole a gina kwamitin yadda zai ci gaba da aiki ko da an wayi gari rabin mutanensa ba sa garin.

Garin da jama'arsa ke kan hanya

Tamanraset tana zaune ne a gindin duwatsun Ahaggar, a tudun da ya kai kimanin mita 1,400, shi ya sa sanyin hunturu ke shiga ƙashi da dare. Daga nan zuwa babban birni Aljiyas kusan kilomita 2,000 ne, alhali In Gezam da ke bakin iyakar Nijar ba ta wuce kimanin 400 ba. Wato Arlit da Agadas sun fi kusa da mutumin Tamanraset nesa ba kusa ba. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya koro jama'a da yawa daga Nijar da Mali zuwa garin, kuma ƙidayar 2008 ta samu mutum sama da 92,000 a cikinsa. Aikin jawo ruwa daga Insalah, tsawon kilomita 750, wanda aka buɗe a 2011, ya ƙara wa garin faɗi da gine-gine, gine-gine kuma suka ƙara jawo ƴan bida.

Masu jin Hausa a nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƴan ƙasar Aljeriya da aka haifa a Tahaggart ko Sarsuf, waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka zo daga kudu. Akwai ƴan kasuwa da suka daɗe, masu katin zama, waɗanda ke cinikin musaya da doka ta halatta tsakanin jihohin kudancin Aljeriya da Nijar da Mali: busasshen dabino da gishiri su sauka, dabbobi da lalle da kayan yaji su hauro, abin da ke cika filin baje-kolin Asihar. Sai kuma mafi yawa, wato matasan Damagaram da Maraɗi da Tawa da wasu daga arewacin Najeriya, masu aikin gini da lambu da ɗinki da wanki da guga, waɗanda ke zuwa bayan girbi da niyyar komawa kafin damina.

Wannan rukuni na ƙarshe shi ne ya fi buƙatar taimako, shi ne kuma ba shi da tabbacin kwana a garin. Tun watan Disamba na 2014, bisa yarjejeniyar gwamnatocin Aljeriya da Nijar, ake tattara ƴan Nijar a mayar da su gida cikin ayarin motoci, kuma Tamanraset ce matattara. Ƴan wasu ƙasashe kan sami kansu a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara da ke Agadas ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro a shekarar 2024 kaɗai. A gari irin wannan, ma'ajin da kuka zaɓa ranar Juma'a yana iya zama a Agadas ranar Laraba, da littafin ƙungiya a kansa, ba a takarda ba.

Dalilin da ya sa ba a kafa sabuwar ƙungiya

Idan matasa suka ga tsohuwar ƙungiya ta yi sanyi, abin da ya fara zuwa musu shi ne su ware su kafa tasu. A Aljeriya wannan hanya tana da ƙaya. Dokar ƙungiyoyi mai lamba 12-06, ta ranar 12 ga Janairu 2012, ta ce mai kafa ƙungiya ko shugabantar ta sai ya kasance ɗan ƙasa da ya kai shekara 18. Ƙungiyar ƙaramar hukuma na buƙatar aƙalla mutum 10 masu kafawa, ta jiha 15, ta ƙasa baki ɗaya 25 daga jihohi 12. Wadda baƙi ke jagoranta kuwa dokar ta sa ta cikin ƙungiyoyin ƙetare, waɗanda sai da amincewar ministan cikin gida, kuma sai masu kafa ta suna da takardun zama. Dokar ta kuma tanadi ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar dinari 100,000 zuwa 300,000 ga wanda ya ci gaba da aiki da sunan ƙungiyar da ba ta da rajista. Karɓar kuɗi daga waje sai da izini, haka ma yawon tara gudummawa a bainar jama'a ko a masallaci.

To ka ga ke nan, mutum goma su zauna a ɗaki su raɗa wa kansu suna, su buga hatimi, su fara zagaya shaguna da kwali, ba ƙaramar kasada ba ce, musamman ga wanda takardarsa ba ta cika ba. Kwamitin aiki ba ya buƙatar suna ko hatimi nasa na kansa. Yana fakewa ne a inuwar abin da hukuma ta riga ta sani: ƙungiyar jinƙai ko ta unguwa mai rajista da ƴan ƙasa ke jagoranta, ko kwamitin masallaci, ko shugabannin al'umma da ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a garin ke hulɗa da su. Wasiƙar da za a kai asibiti ko baladiyya ta fito da kan takardar uwar ƙungiya. Kuɗin da za a kashe ya bi ta hannun ma'ajinta.

Akwai dalili na biyu da ba na doka ba. Duk sabuwar ƙungiya tana zuwa da sabon shugaba, sabon shugaba kuma yana zuwa da rigimar kujera. Jama'ar da ba ta da yawa idan ta rabu gida uku, kowane gida zubinsa ba zai sayi likkafani biyu a wata ba. Kwamiti ba ya taɓa kujerar kowa, aiki kawai yake ɗauka.

Tsarin da kakanni suka sani

Wani zai ce wannan duk tsarin Nasara ne. Sunan ne kawai baƙo. A unguwar Sabo ta Ibadan, da aka kafa a 1916, masanin nan Abner Cohen ya zauna a farkon shekarun 1960 ya rubuta yadda Hausawa ke tafiyar da cinikin shanu da goro cikin ƙasar Yarbawa. Akwai Sarkin Sabo, amma ba shi ke saukar da kowane fatake ba. Masu gida ne ke ba baƙo masauki, su ajiye masa kuɗinsa, su tsaya masa a kan bashi, kowane maigida kuma da dillalansa da malamin lissafinsa. Sarki na sama, aiki na hannun waɗanda suka iya shi.

A karkarar Hausa akwai gayya, inda ake kiran samari su nome gonar mutum guda a yini guda, a ci tuwo a watse. Aljeriyawa na da irinta, suna kiran ta tawiza. Darasin gayya shi ne ana sanin gonar da za a nome, ana kuma sanin lokacin tashi.

Misali mafi kusa yana arewa da mu, a yankin Tuwat da Tidikelt inda Insalah take. Can ana shayar da gonakin dabino da fuggara, wato hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da jama'a suka haƙa tare. Masu rabo suna da yawa, amma ba dukansu ke taruwa a bakin ruwa su yi gardama ba. Akwai ma'aunin ruwa, mutumin da jama'a suka yarda da shi, yana auna rabon kowa da allon tagulla mai huji-huji, a rubuta a littafi. A 2018 UNESCO ta sa wannan ilimi cikin al'adun da ke buƙatar kariyar gaggawa. Ruwa a hamada ya fi kuɗi tsada, amma mutane kaɗan da littafi guda sun riƙe amanarsa tsawon ƙarnuka.

Ko a addini ma, wankan gawa da sallarta da binne ta farali ne na kifaya: idan wasu suka yi, ya faɗi a kan saura, idan kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Kwamitin jana'iza ba komai ba ne illa amsa tambayar su wa ne “wasu” ɗin, tun kafin ranar ta zo.

Yadda ake farawa

Matakin farko shi ne zaɓen aiki ɗaya. Nan ake yawan tuntuɓe. Za a tashi kafa kwamitin marasa lafiya, sai wani ya ce a haɗa da sasanta ma'aurata, wani ya ce ai makarantar allo ma tana buƙatar tabarmi, wani ya kawo maganar ƙwallo. Kafin a tashi an sake kafa babbar ƙungiya da ƙaramin suna. Aikin da ya dace a fara da shi shi ne wanda ake iya faɗa a numfashi ɗaya, kuma kowa zai gane idan an yi shi ko ba a yi ba. Misali: duk ɗan uwan da ya rasu a garin nan a binne shi cikin mutunci, a kuma sanar da danginsa a ranar. Ko kuma: duk jaririn da aka haifa a cikinmu ya samu takardar haihuwa. Dokar Aljeriya ta sa kwana 5 don kai rahoton haihuwa, ta ƙara wa jihohin kudu zuwa kwana 20. Wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya bi ta kotu, kuma yaron da ba shi da takarda zai sha wahala a lakwal da asibiti da kan iyaka har girmansa.

Mataki na biyu, a je wa shugabanni kafin a je wa jama'a. Mai shawara ya samu shugaba da dattawa biyu ko uku a gida, bayan la'asar, ya ce, “Baba, ga abin da muka gani, ga abin da muke so mu ɗauke muku, in kun sa mana albarka.” Dattijon da ya fara jin magana a zauren WhatsApp zai ɗauka da shi ake. Wanda aka same shi a gida shi zai gabatar da ita a taro da bakinsa.

Na uku, babban taro ya amince, a kuma rubuta. Shafi ɗaya ya isa: sunan aikin, sunayen mutanen, iyakar kuɗin da za su iya kashewa ba tare da sun dawo neman izini ba, abin da ba hurumin su ba ne, da ranar da wa'adinsu zai ƙare. Wata shida ya fi dacewa da Tamanraset fiye da shekara biyu, domin da yawa cikin masu ƙarfin aikin lissafinsu daga girbi ne zuwa damina. A rubuta da Hausa, a yi kwafi da Larabci saboda ranar da wani jami'i zai tambaya.

Sai zaɓen mutane. Biyar zuwa bakwai sun isa. In sun wuce haka an koma taro. Kuma ba a zaɓa don girma ko don wane ya fi zubi. Ana duba me aikin ke buƙata. Ana buƙatar ɗan ƙasa ko mai katin zama, wanda zai shiga ofis ba tare da fargaba ba. Ana buƙatar mai jin darija, Larabcin titi, da mai karanta Faransanci saboda takardun likita, in da hali da mai jin Tamahak, domin maƙwabta da masu gidajen haya da yawa Buzaye ne. Ana buƙatar malami da ya san hukuncin wanka da na gado. Ana buƙatar mai mota ko wanda direbobi ke jin maganarsa. A kuma raba su bisa unguwanni, kada duka su fito daga layi ɗaya.

Sannan mata. Gawar mace mata ke wanke ta. Mai naƙuda ba za ta buɗe wa namiji cikinta ba. Mace ce ta san ɗakin da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Kwamitin da babu mace a ciki ya rufe idonsa ɗaya. Idan zama wuri guda zai yi nauyi, mata su yi nasu zaman, wakiliyarsu ta kawo bayani, amma a ba ta murya a kan kuɗi daidai da ta kowa.

Maganar kuɗi

Yawancin ƙungiyoyin da suka watse, kuɗi ne ya watsa su, kuma ba lallai sai an ci ba. Zargi kaɗai ya isa. A nan akwai abin koyi daga gida. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri da matan karkara a jihar Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara. Mata kan haɗu duk mako, su zuba ɗan abin da suka samu a akwati, su ranta wa juna, a ƙarshen zango su raba. Yawancinsu ba su yi boko ba, don haka ake ƙirga kuɗi da ƙarfi a gaban kowa, a rufe akwati a gaban kowa. Tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, kuma a yadda ake koyar da shi yanzu akwatin na da kwaɗo uku, makullan na hannun mutum uku, akwatin kansa na ɗakin ta huɗu. Suna kuma ware wani ɗan asusu daban na rashin lafiya da rasuwa, wanda ba a ranta shi don kasuwanci.

Kwamitin aiki a Tamanraset zai iya ɗaukar ƙa'idodin nan yadda suke. Mai rubutu daban, mai riƙe kuɗi daban. Ba a karɓa kuma ba a fitarwa sai da shaida. Kuɗin jana'iza ba a ranta wa ɗan kasuwa “zuwa jibi”, ko da shi ne ya fi kowa zubi. Kada a tara da yawa a wuri guda, abin da ya haura bukatar wata ɗaya ko biyu ya koma asusun uwar ƙungiya. Duk ƙarshen wata a karanta shiga da fita a bainar taro, a kuma tura da murya a zaure saboda waɗanda ba sa karatu. Wanda zai ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Akwai wani kuɗi da ya fi na zubi haɗari, wato abin da mamaci ya bari: waya, keken ɗinki, ladan aikin da maigidansa bai biya ba, kuɗin da ya ba wani ajiya. Wannan ba na kwamiti ba ne, ba na abokan ɗakinsa ba ne, na magada ne. Shari'a ta jera yadda ake yi: hidimar binnewa, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sai gado. A ƙirga a gaban shaidu, a rubuta, a kira magada su ji da kunnensu. Tunda fitar da dinari daga ƙasar na da ƙa'idoji masu tsauri, hanyar isar da haƙƙin ma a yi ta da sanin magada da shawarar ofishin jakadanci.

Idan aka wayi gari babu wane

Nan ne kwamitin Tamanraset ya bambanta da na Kano ko na Maraɗi. Ƙungiyoyi irin su Amnesty International da Human Rights Watch sun sha rubuta yadda ake kama mutane a shantiye ko a titi ko a ɗaki, a tafi da su ba tare da sun ɗauki kayansu ko sun karɓi ladan aikinsu ba. Ko babu samame ma, kiran waya ɗaya daga gida, cewa tsoho ba lafiya, ya isa ya ɗaga mutum cikin kwana biyu.

Saboda haka kowane aiki ya zama yana da mutum biyu. Wanda ya san ƙofar da ake bi a asibiti ya riƙa tafiya da wani yana nuna masa. Littafi ya zama biyu, a gidaje biyu, ɗaya a hannun mazaunin da ba ya motsi. Lambar wayar kwamiti kada ta zama ta aljihun mutum ɗaya. A sayi layi da ƙaramar waya da za ta riƙa zagayawa, wannan mako tana wurin wane, mako mai zuwa tana wurin wane, yadda mai kira da ƙarfe biyun dare ba sai ya san sunan kowa ba. Zauren WhatsApp na kwamitin ya kasance da masu kula fiye da ɗaya.

Abin da za a rubuta game da mutane kuma a taƙaita shi. Sunan mutum da na mahaifinsa, garinsu, da lambar wani nasa a gida, sun isa a nemo danginsa ranar da ya kasa magana. Ba aikin kwamiti ba ne ya rubuta ta ina mutum ya shigo ko wace takarda yake da ita. Littafin da aka yi don taimako bai kamata ya zama abin da zai cutar da waɗanda ke cikinsa ba.

Yana da kyau kowane sabon zuwa a tambaye shi tun ranar farko: in ba ka nan, wa ka yarda ya karɓi kuɗinka, ya tattara kayanka? Ya faɗa a gaban mutum biyu. Da wannan ƴar magana, mai katin zama zai iya tsayawa gaban ɗan kwangila ya ce ga wakilcin da aka ba ni. Ba kullum ake samu ba, amma wanda aka zo wa da shaidu da takardar ƙungiya ba ɗaya yake da wanda ya san babu mai tambaya ba.

Inda tafiya ke lalacewa

Garinci na gaba. Idan mamacin ɗan Matamaye ne aka fito da gudu, na Dogon Dutsi ko na Katsina kuma aka ce a jira mutanensu, to kwamitin ya zama na ƙauye ɗaya. Haka saɓanin Izala da ɗariƙa, wanda ya raba masallatai da yawa a gida, bai kamata ya biyo mutane har bakin kabari a ƙasar wasu ba. Siyasa ma haka. A watan Afrilu na 2025 dangantaka ta yi tsami tsakanin Aljeriya da ƙasashen Mali da Nijar da Burkina Faso har aka janye jakadu. Irin wannan lokaci, kalma ɗaya a zauren kwamiti tana iya jawo wa jama'a gaba ɗaya abin da ba su nema ba. Tun a takardar farko a rubuta cewa zauren na aiki ne kawai.

Akwai kuma iyakar da kwamiti ba zai tsallaka ba ko da tausayi ya ja shi. Ba ya shirya wa kowa hanyar shigowa, ba ya hulɗar kuɗi da masu safarar mutane. Babu wanda ya manta Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga ciki yara, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance, motocinsu sun lalace a kan hanyar zuwa nan. Maganar kawo yara bara ita ma tana nan, dokar laifuka ta Aljeriya kuma tana hukunta mai bara da ƙaramin yaro. Abin da kwamitin mata zai iya shi ne ya san waɗannan iyaye, ya kai mai ciki awo, ya haɗa mai son komawa gida da ofishin jakadanci ko Hilal Ahmar, ya kuma aika gaskiyar halin da ake ciki zuwa ƙauyukan da ake tasowa.

Cuta ta ƙarshe ita ce kwamiti ya yi nasara har ya fara jin ya fi uwar da ta haife shi. Maganinta shi ne wa'adi. Ranar da wata shida suka cika, a tsaya gaban taro a faɗi mutum nawa aka binne, nawa aka kai asibiti, takarda nawa aka samo, nawa aka kashe, me ya gagara. Taro ya sabunta, ko ya canza mutum biyu ya bar saura don kada ilimin ya tafi, ko ya ce aikin ya ƙare a rufe. Kwamitin da aka rufe bayan ya gama aikinsa bai faɗi ba. Shi ne ma ke ba jama'a ƙwarin gwiwar kafa na gaba, na makarantar yara ko na koyon sana'a.

Juma'a da Asabar ne hutun mako a Aljeriya, kuma bayan sallar Juma'a ne aka fi samun jama'a wuri guda. Duk wanda wannan magana ta dame shi, abin da yake buƙata kafin Juma'a mai zuwa bai wuce aiki ɗaya da zai iya faɗa a taƙaice ba, da sunayen mutum biyar da suka yarda, da dattijo guda da aka riga aka gaisar a gida. Sauran, in Allah ya so, a cikin aikin ake koyon sa.